Kafin ka ɗaura ƙarfen ɗaukar keke a bayan mota

Ƙannena masu son loda keke a mota su fita bayan gari, wajen Wamakko ko hanyar Bodinga, su yi tsere da abokai: ku fara leƙa ƙarƙashin motar tukuna kafin ku sayi komai. Da yawa daga motocin Beljiyam da ake shigowa da su ta Kwatano suna zuwa da dunƙulen ƙarfe a ƙasan bamba ta baya, mai kaurin milimita 50, irin na Turai. Na Amurka kuwa bututu ne mai kusurwa huɗu, ko inci 1.25 ko inci 2. Marikin keken da za ka saya, wato abin da ake maƙalawa a nan a ɗora kekuna a kai, dole ya dace da wanda ke jikin motarka.

Tawa ba ta zo da ko ɗaya ba, sai na yi abin da kowa yake yi: na kai wa mai walda, ya yanko ƙarfe ya liƙa shi a jikin falankin da ke ƙarƙashin but. A ido aiki ya yi kyau, har na hau kai na yi tsalle bai motsa ba. Gargadar hanyar Illela ce ta tona asiri. Waldar ba ta saki ba, falankin ne ya yage a gefenta, domin siriri ne, ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. Ban ga laifin mai walda ba, abin da na ce ya yi shi ya yi.

Wurin ɗaura ƙarfen da ake sayowa don a maƙala mariki a kansa yana jikin shasi, dogayen ƙarafan nan biyu da suka biyo gefen mota. A motoci da yawa kamfani ya riga ya huda ramuka ya dasa noti a ciki, sai dai ƙura da tsatsa sun cika su. Ka fesa man kwance tsatsa, ka goge da burushin waya, ka gwada kowace ƙusa da hannu har ta shige lafiya. In ka tilasta ta da sifana ta cinye zaren notin, ka jawo wa kanka aikin da ya fi na farko. Ka dubi kan ƙusar kuma: ya kamata ka ga 8.8 ko 10.9 a rubuce. Wadda ba ta da lamba, bar wa mai ita. Sau da yawa sai an zare robar da ke riƙe salansa an sauke ta kaɗan, don haka da sassafe ake wannan aiki, mota na sanyi, kafin ranar Sakkwato ta gasa siminti da sifana. Ka samu wanda zai tallafe maka ƙarfen, ka ɗaura ƙusoshi duka sako-sako, sai sun zauna daidai sannan ka matse su gwargwadon ma'aunin da takardar kayan ta faɗa.

Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita. In ba ka da abin tokarewa, ka biya bakanike ɗan wani abu ya ara maka rami.

Sai maganar nauyi, inda samari suka fi taurin kai. Ƙaramin ƙarfe, wanda a Amurka ake kira na aji na ɗaya, nauyin da zai iya ɗauka a kansa bai wuce kilo 90 ba, kuma marikin kansa yana cikin lissafi. Ga shi kekunan can baya suke reto, nesa da ƙusoshi. Ɗauki bokitin ruwa ka miƙe hannu, za ka gane abin da shasi yake ji a kowane rami. Keke biyu ko uku, to. Babur irin Boxer ya haura kilo 100, kada ma ka fara.

In ka loda, ka tabbata tayar keke ba ta fuskantar bakin salansa, zafin yana narkar da roba. Kada kekuna su rufe lamba ko fitilun birki, domin jami'an kiyaye haɗurra za su tsayar da kai, kuma da gaskiyarsu. Bayan tafiyar farko ka sake bin ƙusoshin da sifana. Wajen shiga gida kuma, in ƙofarku tana da tudu, ka shiga a karkace a hankali, don marikin ne zai fara gogar ƙasa.