Daren da aka yi feshi a risefshan

Jiya na miƙa makullin sito na bar otal ɗin nan na Bauchi da na yi shekara biyu da wata huɗu ina kula da tankin kifin teku da ke risefshan. Waɗanda suka san wurin sun san tankin, lita 600 ne, yara ba sa wucewa sai sun tsaya sun manna fuska a gilashi. Ni daga kiwon tarwada na fito, kuma duk wanda ya saba da tarwada sai ya ɗauka kifi kifi ne, to ba haka ba ne wallahi. Tarwada ko ruwa ya lalace za ta ɗago kai ta shaƙi iska ta ci gaba da rayuwa, su kuwa waɗannan sai gishirin ruwa ya tsaya wajen giram 35 a kowace lita, zafi tsakanin digiri 24 zuwa 27, amoniya kuma, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi, sifili, a garin da zafin watan Afrilu ke kai 40.

Abin da ya tsaya min a rai ya faru ne wata Asabar a cikin zafin nan. Na shigo bayan asuba na tarar da kifi tara cikin sha huɗu sun mutu, biyar ɗin da suka rage suna sama suna haki, ɗaya sai juyawa yake kamar mai farfaɗiya. Sati ɗaya kafin nan na saka wani sabon kifi da aka kawo daga Legas kai tsaye cikin tankin, ban killace shi a wani wuri na sati huɗu yadda ya kamata ba saboda oga na so baƙin wani taro su gan shi. Shi ya sa ina ganin gawarwakin zuciyata ta ce cuta ce, kai ka kawo ta. Akwai wata cuta da masu harkar ke kira belbet, ƙwayar tana kama wurin numfashin kifi, tana iya share tanki cikin kwana biyu uku, kuma wani lokaci kifi na mutuwa kafin ƙurar nan mai kama da hoda ta bayyana a jikinsa. Ban auna komai ba, ban tambayi kowa ba, na ɗauko maganin kopa, wato na jan ƙarfe da ake kashe ƙwayar cutar da shi, na zuba a babban tanki, sannan na cire jakar gawayin da ke cikin filta don kar ta tsotse maganin.

Kafin la'asar uku suka bi sauran.

Sai ranar Talata Baba mai gadi ya kira ni gefe ya ce, yaro, ka san an yi feshin sauro da kyankyaso daren Juma'a kuwa? Ashe bayan na tashi manaja ya kawo masu feshi, suka feshe risefshan, suka kashe esi suka rufe ƙofofi da tagogi har safe. Ita kuwa na'urar sikima da ke fitar da datti aikinta kenan ta ja iskar ɗaki ta cakuɗa da ruwa, wato dare guda tana ɗura guba cikin tankin. Magungunan ƙwari irin na feshi ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifi, jatan lande kuma ya fi kifi saurin mutuwa don shi ɗan uwan ƙwari ne a halitta. Kuma amsar tana gabana tun safiyar Asabar ɗin, jatan lande guda uku da muke da su duk suna kwance a ƙasan tanki, na gan su da idona na kwashe su tare da kifin. Belbet ba ta kashe jatan lande, cutar da ke sa wa kifi fararen ɗigo ma ba ta kashe shi, cutar kifi a kan kifi take tsayawa. Da na tsaya minti biyar na yi tunani da na gane daga ruwa ne ko iska. Gawayin da na cire shi ne abu ɗaya tak da ke rage gubar, kopa da na zuba kuma ya ƙara wa kifin da suka riga suka jigata nauyi, ya kashe dodon koɗin da suka tsira, ya shige cikin duwatsun har aka daɗe ba a iya sake saka jatan lande ba. Ukun nan na la'asar ni na san da hannuna a ciki, har yau ina tuna su.

Abin da ya kamata na yi ba wani abu mai wuya ba ne, buɗe ƙofofi, kashe sikima har iskar ɗakin ta washe, ƙara sabon gawayi, canza ruwa mai yawa, a kwashe masu rai zuwa ruwa mai tsabta da famfon iska. Amma ko da na gane a lokacin ba ni da haɗaɗɗen ruwan gishiri a ajiye, kuma ba gishirin miya ake zubawa ba, na musamman ne, sai ya narke ya gauraya sosai an daidaita zafinsa kafin a saka kifi. Na sha roƙon a saya min duro biyu na ajiya ana cewa babu kuɗi.

Manaja bai taɓa cewa shi ya sa a yi feshin ba tare da an gaya min ba. A gaban mai otal ya ce ni na kashe kifi da magani, an yanke min rabin albashi wata uku. Na karɓi laifina na kopa, amma taran farko fa? Na yi shiru ne saboda ina da iyali, ba don na yarda ba.

Bayan nan tsarina ya canza. In na ga gawa, kafin na taɓa kwalbar magani sai na duba waye ya mutu kuma cikin awa nawa. In manyan kifi ne suka fara tafiya cikin dare sauran na haki a sama, iska ce ta yi ƙaranci, ko an ɗauke wuta ba a tada janareto ba ko ruwa ya yi zafi, don ruwan gishiri dama bai kai ruwan daɗi riƙe iska ba, zafi kuma na ƙara rage ta. In ɗaya bayan ɗaya suke mutuwa cikin kwanaki jatan lande na yawonsa, sai na fara zargin cuta, kuma a wani tanki daban ake magani. Sai na auna amoniya da gishiri da zafi, sannan na tambayi masu shara da masu gadi me aka yi a ɗakin jiya, sun fi kowa sani.

Lokacin hunturu ruwa na saurin ƙafewa, da tataccen ruwan daɗi ake cikawa ba na gishiri ba tunda gishirin bai je ko'ina ba. Filtar da ta kwana babu wuta a wanke ta kafin a kunna. Kar a bar mai man shafawa ko turare a hannu ya tsoma shi ciki.

Daga ranar zuwa jiya wata goma sha tara kenan, kifi ɗaya kawai na rasa, shi ma tsalle ya yi ya faɗo waje. Biyun da suka tsira daga feshin suna nan, na nuna wa yaron da zai karɓe ni su, na kuma nuna masa inda duro biyun suke, waɗanda a ƙarshe da kuɗina na saya, na bar masa su cike.