Kafin ka ƙago ƙidaya, dubi hannun mai ƙirgawa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya taɓa jin zaurance, ko ma ya yi shi: a juya kalma, ko a cusa mata wata gaɓa, don kada na waje ya gane. Ni daga nan abin ya kama ni. Da na girma sai zaurance ya daina isata. Na sayi littafin rubutu mai kauri, na ɗaura niyyar ƙago harshe ɗungurungum saboda wasu masunta da nake rubuta labarinsu, mutanen da na zaunar a tsibiran wani babban tafki, nesa da kowa. Yanzu ina ganin ƙannenmu da yawa sun shiga wannan harka, wasu don labari, wasu don wasan kwamfuta, wasu sha'awa ce kawai, kuma ina murna da haka ƙwarai. Sai dai akwai wuri guda da ya ci mini fiye da shekara, wato ƙidaya, kuma ba na so ku faɗa ramin da na faɗa.

A dare ɗaya na yi ƙidayar farko. Na jera ɗaya zuwa goma, na raɗa wa kowace sabon suna. Na ƙago wata 'yar kalma ta tsaya a gurbin "sha", wata a gurbin "da". Sannan na ƙago kalmomi takwas daban-daban, daga ashirin har casa'in, babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Na kwanta ina jin aiki ya ƙare. Ashe Hausa ce na ɗinka wa sabuwar riga.

Ban gane haka ba sai da na tambayi kaina: me ya sa "talatin" ba ta kama da "uku" ko kaɗan? Amsar tana bakin kowane ɗan makarantar allo. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, duk daga Larabci muka aro su, sun shigo mana ta hannun malamai da fatake. Kafin su, gomiya biyu da gomiya uku ake cewa. Haka metan da arbaminya da hamsaminya, aro ne. A gefe guda kuma ga hauya, wato ashirin, ga zangu, wato ɗari, ga keso, wuri dubu ashirin, kalmomin zamanin da ake ciniki da wuri. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta cewa sha takwas, ashirin ba biyu take cewa. Kowace ɗaya cikin waɗannan tana da hanyar da ta biyo ta iso bakinmu. To masuntana fa? Ban taɓa kai musu Balarabe ko bafatake tsibirinsu ba, amma na ɗora musu tabon tarihin da ba nasu ba.

Ƙannena, kafin ku raɗa wa lamba ko ɗaya suna, ku zauna ku kwance ƙidayar harshenku tukuna, ku ga ina gado yake, ina aro yake. Sannan ku saurari maƙwabta. Bafulatani idan ya kai jowi, wato biyar, sai ya ce joweego'o, joweeɗiɗi, biyar da ɗaya, biyar da biyu, har ya isa sappo. Bayarabe yana tafiya ashirin-ashirin ne, sha biyar ɗinsa kuwa ashirin ce da aka rage wa biyar. Wanda ya yi boko a Yamai ya san tamanin a Faransanci ashirin huɗu ce. Wanda bai ji waɗannan ba zai zaci hanyar gidansu ce kaɗai hanya, kuma ita zai sake ginawa ba tare da ya sani ba. Ku dubi Zamenhof, likitan idon da ya ƙago harshen Esperanto, ya fito da shi a birnin Warso a 1887. Goma a wurinsa dek ce, ashirin dudek, talatin tridek, wato gomiya biyu da gomiya uku sak. Ya yi haka da gangan, domin burinsa harshen da baƙo zai koya cikin sauƙi. Yana da dalili, ni kuwa ba ni da shi.

Da na gane wannan sai na yi tsalle na faɗa ɗaya ɓangaren, kuma a nan ne asarar ta fi yawa. Kowace ƙidaya tana da wurin da take ya da zango sannan ta sake tashi. Tamu a goma take sauka. Na yanke cewa ta masuntana a sha biyu za ta sauka, saboda na karanta cewa sha biyu tana rabuwa gida biyu, gida uku, gida huɗu da gida shida ba ragowa, alhali goma biyu da biyar kawai take karɓa. Lissafin ya burge ni. Na zana jadawali, na raɗa wa 144 suna, na raɗa wa 1,728, har 20,736 ban bari ba. Na koma cikin labarin na canza shekarun mutane da kwanakin tafiya da farashin kifi.

Wata rana abokin da muke ɗaki ɗaya ya ɗauki littafin yana dubawa, sai ya ce, "Malam, idan masuncinka ya kama kifi talatin, me zai ce wa matarsa?" Sai da na nemi biro. Ya sake cewa, "Yatsunsu nawa ne?" Na ce goma, kamar namu. Ya ce, "To me ya kai su sha biyu?" Na rasa ta cewa. Da na koma na karanta labarin daga farko, na tarar a wasu shafuka na rubuta 10 ina nufin goma, a wasu kuma ina nufin sha biyu, domin haka ake rubuta sha biyu a ƙidayar da take sauka a kanta, har wani yaro ya girmi yayansa. Watanni na yi ina tsince wannan ɓarna, kuma akwai babi biyu da dole na yar da su.

Tambayar abokina ita ce tambayar da ta kamata a fara da ita. Paul Frommer, wanda ya ƙago harshen Na'vi domin fim ɗin Avatar na 2009, ya sa ƙidayarsa ta sauka a takwas, kalmar kuwa vol, saboda halittun da ke magana da shi yatsu huɗu gare su a kowane hannu. Wanda ya ga hannun ya riga ya fahimci ƙidayar.

Ni amsata a masallaci na same ta. Bayan sallar la'asar ina zaune kusa da wani dattijo yana tasbihi babu carbi. Babban yatsansa yana bin gaɓoɓin sauran yatsun, uku a kan kowane. Na sha ganin haka tun ina yaro, ni ma ina yi, amma ranar ce na ƙirga: yatsu huɗu, gaɓa uku-uku, sha biyu cif a hannu guda. Mutumin da hannunsa ɗaya yake riƙe da igiyar taru, da ɗayan kawai zai yi ƙirga. Nan take sha biyun ta sami gindin zama. Daga baya kuma na ji cewa ba sai an je wata duniya ba. Masu nazarin harshe sun rubuta ƙidayar sha biyu a wasu harsunan tsakiyar Najeriya, har da karin Nimbia na Gwandara, harshen da ya fi kowane kusanci da Hausa. A can goma gwom ce, sha ɗaya kwada, sha biyu tuni. Abin da na tafi nema nesa yana bakin 'yan'uwanmu na kusa.

Akwai wani kuskure da ban ji ana yawan faɗarsa ba, shi ne na kunne. Don in riƙe kalmomin cikin sauƙi, na tsara su la, le, li, lo, lu, sannan ra, re, ri, ro, ru, haka har sha biyu. A takarda gwanin kyau. Na koya wa ƙanwata, na ce ta tsaya bakin ɗakin girki ni ina zaure, ta kira mini lambobi in rubuta. Kusan rabi na kuskure. A tsakar gida ke nan, ina ga kan ruwa, iska na kaɗawa, ana kira daga wannan kwale-kwale zuwa wancan? Lamba kalma ce da ake faɗa cikin hayaniya, kuma idan an ji ta ba daidai ba kuɗi ne ke salwanta. Masu harshen Lojban, shi ma ƙagagge ne, sun kula da wannan: ɗaya zuwa tara da sifiri su ne pa, re, ci, vo, mu, xa, ze, bi, so, no, kowace da baƙinta daban. Esperanto kuwa, duk da sauƙinsa, ses da sep, wato shida da bakwai, sun yi kusa da juna fiye da yadda nake so. Saboda haka kada ku yarda da ido kaɗai. Ku sami ƙane ko aboki, ku ba juna tazara, ku yi ciniki da kalmomin da babbar murya. Duk wadda ta rikita ku sau biyu, ku canza ta.

Sannan jera ɗaya, biyu, uku ba shi ne ƙarshen aiki ba. Da na zo rubuta rabon kifi bayan an dawo su, sai na ga ba ni da yadda zan ce biyu-biyu, ko na biyu, ko sau biyu, ko mu biyu, ko rabi. Hausa maimaita kalma take yi ta ce uku-uku. Esperanto ɗafi yake liƙawa: dua na biyu, duono rabi, duope su biyu tare. Fulfulde ma tana bambanta abin da ake ƙirgawa, ɗiɗi ga shanu, ɗiɗo ga mutane. Kuɗi kuma nasu salon daban. A Maraɗi idan mai kaya ya ce dala ashirin, sefa 100 yake nufi, domin dala ɗaya sefa biyar ce. A Kano dattawa suna ce wa naira 200 jaka guda, saboda jaka fam ɗari ce, kuma da aka canza kuɗi a 1973 fam ɗaya ya zama naira biyu. Irin wannan karkacewa ita ke sa mai karatu ya ji cewa mutane sun daɗe suna taɓa harshen da hannunsu. Ku bar wa naku irinta ɗaya ko biyu, amma ku san labarin da ya haife ta.

Manyan lambobin nan da suka haura 144 kuwa duk na goge su. Masuncin da ke sayar da kifinsa kashi-kashi me zai yi da 20,736? Toki Pona, ƙagaggen harshen da Sonja Lang ta fitar a 2001, yana iya wadatuwa da wan, ɗaya, da tu, biyu, sauran a ce mute, wato da yawa, kuma mutane suna hira da shi.

Yadda ƙidayar masuntana take a littafina yanzu, kalmar sha biyu ita ce kalmarsu ta "hannu". Kifi talatin hannu biyu ne da shida, kuma ina faɗa ba tare da biro ba. Idan an sauke kaya a gaɓar tafki hannu biyu sun sami sarari, dama tana ƙirga kifi, hagu tana riƙe adadin hannuwa a nata gaɓoɓin, har a cika 144, su kira shi "kwando". Abin da ya haura kwando sai su ƙirga kwandunan. Sifiri kuwa, wanda mu ma daga Larabci muka same shi, har yau ban ba su ba. Masuncin da ya dawo da taru wayam cewa yake yi yau ruwa bai bayar ba, haka kuma na bar shi a cikin labarin.