Liyari a kan sikeli

Yau da hantsi a Kasuwar Kurmi na tsaya a rumfar wani mai sayar da kayan tarihi, sai ga wani dattijo ya kwance bakin tsumma ya zube tsofaffin kuɗi a kan tabarma: anini da kwabo masu huda a tsakiya, sule biyu, da liyari guda ɗaya, wato tsohon kuɗin azurfa mai hoton Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya ta dā, da shekarar 1780 a jikinsa. Mai rumfar bai ko juya liyarin ya dubi hoton ba, ya ɗora shi a kan ƙaramin sikeli, ya ga giram 28, ya yi masa kuɗin azurfa kawai. Dattijon ya ce, "Alhaji, wannan fa daga wuyan kakata ya fito." Shi kuwa ya amsa a hankali cewa, "Baba, Turawan da ke sayen labari sun daina zuwa, wanda ya rage mini shi ne maƙerin farfaru, shi kuma narkarwa zai yi."

Ban ga laifin mai rumfar ba, domin a lokacin da kuɗin mutane ke ƙarewa a kan masara da shinkafa, babu mai ɗaure jarinsa a kwabon da zai shekara a cikin kwano. Dattijon ya sayar da sulallan, ya mayar da liyarin cikin tsumma ya ƙulle. Har na iso gida ina tunanin ko zai iya riƙe shi har kasuwa ta farfaɗo.