Yadda na loda direban Wi-Fi a kanel ɗin Linux

Kanel ɗin Linux da ke kwamfutata, wato zuciyar tsarin da ke sarrafa na'urar, bai zo da direban katin Wi-Fi ɗina ba, manhajar da ke sa katin aiki, sai na harhaɗa shi da kaina. Abin da ya fito fayil ne guda mai ƙarewa da .ko, yadda ake sa wa modul, wato guntun manhaja da ake lodawa cikin kanel, suna tun fitowar Linux 2.6 a 2003.

Da insmod, umarnin loda modul, na fara, ya ƙi. Da na duba dmesg, mai nuna saƙonnin kanel, sai na ga kanel na ƙorafin wasu sunayen da bai sani ba. Ashe direban ya dogara ne da wani modul, cfg80211, shi kuwa insmod ba ruwansa da wannan, fayil ɗin da ka miƙa masa kawai yake turawa. Na kwafe fayil ɗin zuwa /lib/modules, cikin jakar sigar kanel ɗina, na buga depmod -a ya sabunta modules.dep, wato jerin wane ya dogara da wane. Daga nan modprobe, umarnin da ke loda modul tare da waɗanda ya dogara da su, ya ɗauko kowa bi da bi.

Secure Boot, tsarin tsaron da ke aiki tun daga kunna kwamfuta, shi ya fi ba ni aiki, don ba ya barin modul marar sa hannun dijital ya shiga. Da yawa kan ce a kashe shi kawai a huta. Ni ban yarda da wannan shawara ba. Modul ba kamar sauran manhajoji ba ne, cikin kanel yake zama da cikakken iko kan ƙwaƙwalwar na'ura, in ya yi kuskure yana iya tsayar da komai cak. Mai gadi a irin wannan ƙofa ba a kore shi. Na ƙirƙiri mabuɗina, na sa wa modul hannu, na yi rajistar mabuɗin da mokutil --import. Da na sake kunnawa sai ga shuɗin allo yana neman kalmar sirrin da na zaɓa, na shigar, shi ke nan.

Akwai kuma wani tsohon direba da ke rigan nawa kama katin. Na hana shi da layin blacklist a /etc/modprobe.d, amma ya ci gaba da tashi, domin initramfs, ƙunshin fayilolin da ake karantawa tun farkon kunnawa, na riƙe da tsohon kwafin saitin. Sai da na buga update-initramfs -u ya daina.

Kowane modul na ɗauke da sigar kanel ɗin da aka gina shi dominsa, modinfo na nuna ta a layin vermagic. Sabon kanel na zuwa, tsohon fayil ya tashi aiki. Shi ya sa na damƙa direban ga wani tsari mai suna DKMS, yana sake gina shi duk lokacin da aka sabunta kanel.