Asabar a tsibirin Rodrigues

Yau ban yi komai ba da safe sai zaga kasuwar Port Mathurin, babban garin wannan tsibiri na Tekun Indiya, na sayi zuma da yajin tsami, na koma masauki na kwanta. Zafi ya hana sakat.

Bayan la'asar muka hau zuwa kwarin Cascade Pigeon, inda manyan jemagun tsibirin, masu cin 'ya'yan itatuwa, suke kwana da rana. Da farko ban ga komai ba sai wasu baƙaƙen ƙullaye a rataye a rassa. Da rana ta yi sanyi sai suka fara miƙa, suna cacar baki, wani ya ciji na kusa da shi. Ɗaya ya wuce dab da kanmu, na ga gashin wuyansa ja-ja kamar an shafa masa lalle, fuskarsa irin ta ɗan kwikwiyo. Buɗin fikafikansa ya kusa mita ɗaya.

Matar da ta raka mu tana cikin masu ƙidaya su. Da magariba ake yi, suna fita kiwo ana lissafi. Ta ce a shekarun 1970 abin da ya rage bai wuce 70 ba, duk a wannan kwarin, saboda sare daji da farauta da guguwar teku. A 1976 Gerald Durrell, wani Bature mai kare namun daji, ya ɗebi wasu ya kai gidan dabbobinsa na tsibirin Jersey, kusa da Faransa, don kada irin ya ƙare. Yanzu sun kai wajen 20,000.

Adadin bai kwantar mini da hankali ba. Tsibirin duka murabba'in kilomita 108 ne, kuma ban da nan ba su da wani daji a duniya. Guguwa ɗaya mai ƙarfi ta isa ta kakkaɓe 'ya'yan itatuwa, wanda iska ba ta kashe ba yunwa ta ƙarasa shi. Ga kuma abin da ya faru a tsibirin Morishus, kilomita 560 daga nan: a 2015 gwamnati ta sa aka harbe dubban nasu jemagun saboda kukan masu gonakin mangwaro da wani ɗan itace da ake kira lici.

Da dare na kira Inna na ba ta labari.

"Yanzu jemage ka biya kuɗin jirgi ka je kallo? Ga su nan sun hana mu mangwaro."

Na ce, "Inna, waɗannan daban ne, har tsamiya suke sha."

Ta ce to in gaishe su, kuma kada in manta da zumarta.