Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Aji Babu Kayan Wasa

Makon jiya mun tsaya a ranar da aka kai mu, mu ɗaliban koyon malanta, makarantar ƙananan yara a ƙasar da muka je aikin sa kai. Yau sai aikin kansa.

Ajin nan yana da mai shi. Malamar da aka tarar ita ta san yaron da ke jiƙa wando in an daka masa tsawa. Kwana 3 na farko a zauna daga baya, a zuba ido. A haddace kalmomi kamar 15 na yaren yaran: zo, zauna, saurara, ruwa, bayan gida. Da su ake riƙe aji, ba da dogon turanci ba. Ɗan shekara 4 kuwa, in an wuce minti 10 zuwa 15 a kan abu guda, an rasa shi.

Masu cika akwati da kayan wasa masu batir sukan yi asara: batir ya ƙare, a kulle kayan a kabad. Gara abin da malamar za ta iya sake haɗawa da kanta. Ƙullin wasa, misali: fulawa kofi 2, gishiri kofi 1, mai cokali 2, ruwan ɗumi kusan kofi 1, a riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. In yana kama hannu a ƙara fulawa, in yana tsagewa ruwa ne bai ji ba. Gishirin ke hana shi saurin lalacewa, amma a sa ido, cin sa da yawa yana cutar da yaro. A ɗaure a leda, in ba haka ba iska ta mayar da shi dutse.

Sai haruffa masu kaushi, dabarar Maria Montessori, masaniyar koyar da yara 'yar Italiya, wadda ta buɗe makarantarta ta ƙananan yara a 1907 a unguwar talakawa ta San Lorenzo, birnin Rum. A zana harafi da gam a kan kwali, a barbaɗa tankaɗaɗɗen yashi, ya kwana ya bushe. Yaro ya bi shi da yatsa biyu yana faɗin sautinsa. Gam in ya yi ruwa, kwali ya lanƙwashe, yashi ya zube.

Murafen kwalba sun isa koyar da ƙidaya, amma ban da 'yan ƙasa da shekara 3. Sukan maƙale a maƙogwaro.

Mako mai zuwa: yadda ake rataye jarkar lita 5 ta zama famfon wanke hannu.