Agogon da `date` ba ya taɓawa

Har yanzu in na tuna kuɗin datar da tsohuwar kwamfutar tebur ta shagonmu ta ci mini, raina sai ya sosu. Ubuntu ce a kanta, wani nau'in tsarin Linux. Burauza ta ƙi buɗe shafuka, wai takardar shaidar tsaronsu ba ta fara aiki ba tukuna, `apt update` kuma ya ce fayilolin da ya sauko da su lokacinsu bai yi ba. Na zargi sabis, na sauya layi, na sake sayen data. Ashe kwanan wata ne. Da na buga `date`, umarnin da ke nuna kwanan wata da lokaci, sai ga kwamfuta zaune abinta a shekarun baya.

Saitawa ba wuya: `sudo date -s "2024-05-03 09:15"`, nan take komai ya buɗe. Wannan tsarin na shekara, wata, rana shi na fi yarda da shi. Tsohon tsarin da ake jera lambobi a haɗe wata yake sawa gaba kamar rubutun Amurka, mu kuwa da rana muke farawa, sai mutum ya mayar da 3 ga Mayu ta zama 5 ga Maris bai sani ba.

Ina sake kunna ta, ta koma gidan jiya. A nan umarnin `timedatectl`, mai nuna bayanan agogo, ya tona asiri. Layin `Local time` daidai yake bayan na gyara, amma layin `RTC time` yana can baya. Agogo biyu ne ashe: na manhaja, wanda `date` ke saitawa, da na jikin allon cikin kwamfutar (motherboard), wato RTC, wanda ake karanta lokaci daga gare shi duk sanda ta tashi. `date` ba ruwansa da na biyun. Na buga `sudo hwclock --systohc` ya kwafe lokacin zuwa can, na kashe na kunna, lokaci ya tsaya cak. Har na fara cika wa yaron shago baki.

Sai aka ɗauke wuta. Ana kawowa, shekarun baya suka dawo.

Wannan shi ya fi ba ni haushi, don gwajin kashewa da kunnawa yaudara ce. Muddin wayar tana jikin soket kuma akwai wuta, allon yana samun ɗan lantarkin da ke riƙe agogon ko da kwamfutar a kashe take. Sai wuta ta yanke gaba ɗaya aikin ke komawa kan batir, wani ɗan fai-fai kamar kwabo, CR2032, mai bolt 3. Namu ya mutu tuntuni. A inda wuta ke tsayawa, mutum zai daɗe bai gane ba. Mu nan kullum sai an tuna mana. Babu umarnin da zai tayar da mataccen batir, komai yawan `sudo`. Mai gyaran agogon hannu na bakin kasuwa ne ya sayar mini da sabo, kuɗinsa bai kai na datar da na ƙona ba.

Bayan na sauya shi na saita yanki da `timedatectl set-timezone Africa/Lagos`, 'yan Nijar kuma `Africa/Niamey` za su sa, duk awa ɗaya ne gaba da UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi. Sannan `timedatectl set-ntp true`, wanda na tarar a kashe, don ta riƙa ɗauko lokaci daga intanet da kanta. In yana kunne, `timedatectl set-time` ƙin aiki yake, sai an kashe shi tukuna. Amma shi `set-time` ɗin agogo biyun yake saitawa tare, ba kamar `date` ba.

Duk wanda ya ce mini ya gyara agogon kwamfutar tebur yanzu, ba na sauraronsa sai ya zare wayar daga soket, ya ɗan jira, ya mayar, sannan ya nuna mini layin `RTC time`.